Kujera Mai Ɗingishi

Shekarata arba'in da ɗaya ina aikin kafinta, kuma in akwai abin da na tsana a duniyar nan bayan ƙarya, to kujera ce mai ɗingishi. In na shiga gidan mutum, kafin mu gama gaisawa na riga na dafa abin da za a zaunar da ni a kai, na ɗan jijjiga shi. Mai ɗakina ta ce wannan halin ne ya sa mutane suka rage gayyatarmu. Na ce gara su rage, da in je in zauna ina rawa ba kiɗa. Na fara da wannan ne don a san abin da na yi a gidan Auta ba mugunta ba ce. Hali ne, sai kuma wata kalma guda da ta fito daga bakinta.

Auta ita ce ƙaramar 'yata. Aure ya kai ta nesa, tafiyar yini guda a mota. Suna zaune a hawa na biyu na wani dogon gini, ɗaki biyu da falo, da ɗan baranda inda ake shanya. Mijinta direban babbar mota ne, in ya fita sai ya yi sati uku ba a gan shi ba. 'Yarsu ɗaya, shekararta biyar, Kurciya muke ce mata saboda wani sauti da take yi a maƙogwaro tun tana goye. Maganarta ba ta wuce kalma uku ko huɗu ba. Ba ta son a taɓa ta ba shiri. Ƙarar injin markaɗe tana sa ta toshe kunne ta shige ƙarƙashin gado, kuma duk rigar da aka saya mata sai an yanke 'yar takardar nan ta wuya, in ba haka ba ka ce garwashi aka ɗora mata. Asibiti sun ba abin suna, ni dai ban riƙe shi ba. Abin da na sani jikata ce, kuma rabona da ita ya fi shekara.

Mai ɗakina ce ta tura ni. Gwiwa ta hana ta doguwar tafiya, ta ce in je in gano mata su. Na ɗauki kaya kala uku da jakar kayan aikina, don ni ko gaisuwar mara lafiya zan je ba na barin jakar nan. Na isa ranar Lahadi da yamma, na tarar yarinyar ta riga ta ci abinci, tana kwance tana murza gefen zanin gado. Ba ta dube ni ba, ni ma ban matsa mata ba.

Da safe Auta tana sauri za su asibiti, wajen malamar da ke ganin Kurciya sau biyu a sati. Jaka a kafaɗa, gorar ruwa a hannu ɗaya, hannun yarinyar a ɗayan. A ɗan lungun da ke tsakanin kicin da ƙofar fita akwai wata ƙaramar kujera ta yara, ta tare hanya. Ina tsaye kusa da ita da kofin shayina.

“Baba, don Allah ɗan gyara min kujerar nan, mun makara.”

Na ɗaga kujerar, suka wuce, ƙofa ta rufe. Da wani ne, magana ta ƙare ke nan. An ce gyara, ya gyara, an wuce. Amma ku dubi Allah, a ce wa kafinta gyara alhali kujera tana hannunsa! Da na dire ta sai na ji ta yi ƙwas, na sake dannawa ta sake yin ƙwas. Nan take na ajiye shayin.

Wanda ya ƙera kujerar nan, Allah ya shirye shi. Katako ne marar daraja, an bubbuga ƙusa a inda ya kamata a yi haɗi. Ƙafa ɗaya ba ta taɓa ƙasa. Hannun dama ya karye daga gindi ya karkato ciki, har mazaunin ya tsuke. Yadin da aka rufe soson da shi ya goge ya yi sulɓi, ba ka ma gane launinsa. Kunya ta kama ni, sannan haushi ya biyo baya. Jikar kafinta guda a kan wannan tarkace? Kuma Auta ta je ta saya a gefen titi, ba ta iya ɗaga waya ta ce Baba yi min ba. Sai na ce a raina, to ai ga shi yau ta ce.

Na yi aiki irin wanda ban yi wa mai kuɗi ba. Na kifa ta a baranda, na zare ƙusoshin nan ɗaya bayan ɗaya, na sa gam a kowace gaɓa na ɗaure. Na miƙar da hannun da ya karkace. Ƙafafu ukun da suka fi tsawo na rage su da zarto har suka yi daidai da gajeriyar, don ni ba na cusa kwali a ƙarƙashin kujera kamar ɗan koyo. Na sauka ƙasa wajen wani tela na samo sabon yadi mai kauri, shuɗi mai 'yan furanni, na rufe soson. Tsohon yadin na jefa a shara, motar shara kuma ta zo kafin azahar. Na goge katakon da samfefa, na shafa masa man ƙyalli. Da na dire ta a kan ledar ƙasa na danna ta kowace kusurwa, ko gezau. Na zauna ina jiran a zo a yaba.

Suka dawo da rana, lokacin cin abincin yarinyar. Kurciya ta saki hannun uwarta ta nufi lungun kai tsaye. Ta tsaya. Ta kai hanci kusa da kujerar ta ja baya. Ta sake matsowa ta zauna a bakin-baki, ta tura jikinta gefe, kujera ba ta motsa ba. Ta sake turawa da ƙarfi. Sautin nan na maƙogwaronta ya fara hawa, ya hau, har ya zama wani abu da ban taɓa ji daga bakin yaro ba. Ta zame ƙasa tana buga goshinta da tafin hannu.

Auta ba ta yi ihu ba. Ta durƙusa, ta naɗe yarinyar a bargo, ta rungume ta tsam daga baya tana jijjiga ta, kusan rabin awa. Sai da ta kai ta ɗaki ta fito, sannan ta dube ni.

“Baba, matsar da ita na ce ka yi.”

“Gyara kika ce.”

“E, gyara na ce. Gyara in wuce.”

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ce mata awa uku na yi a tsugune, da bayan nan nawa, kuma kujerar da take kuka a kai ko kaza ba za ta yarda ta kwana a kanta ba. Ta bar ni na gama. Sannan ta shiga kicin tana wanke farantin da babu abin da ya taɓa shi, ta ba ni labarin da ba ta taɓa ba mu a waya ba, don kada hankalin uwarta ya tashi.

Ashe Kurciya ba ta cin abinci a ko'ina sai a kan kujerar nan. Bara ta daina ci gaba ɗaya, sau biyu ana kwantar da ita ana ƙara mata ruwa. An gwada tebur, an gwada cinya, an gwada tabarma, an gwada kujerun asibiti masu tsada, duk ta ƙi. Wata rana suna wucewa ta gaban masu sayar da tsofaffin kaya, yarinyar ta hau wannan ta ƙi sauka. Wata takwas Auta ta yi tana lallaɓa ta a kanta, daga cokali ɗaya har aka kai rabin faranti. Yanzu duk sati biyu ana ɗora ta a sikeli. Likita ya ja layi, ya ce in ta sake faɗowa ƙasa da shi, za a kwantar da ita a zura mata robar abinci ta hanci. Yarinyar da takardar wuyan riga take ƙona ta. Awo na gaba kuwa Talata ta sama, saura kwana takwas.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni kuma na zo daga nesa na hau rufin da guduma.

Duk da haka girman kai bai sake ni ba. Na ce ai abu ne mai sauƙi, wanda ya cire ɗingishi ya iya mayar da shi. Washegari na ɗauki zarto, na tuna ƙafar gaba ta hagu ce gajeriyar, na rage ta kaɗan. Ban taɓa yi wa kujera haka da gangan ba. Ta dawo tana ƙwas ƙwas. Kurciya ta zo ta dafa ta da yatsa biyu, ta tura sau ɗaya, ta juya ta tafi. Ranar ruwa ta sha, da madara kurɓi uku a tsaye. Ranar Laraba ta gatsi ayaba sau ɗaya ta tofar.

Abin da ya fi ci min rai shi ne ladabin Auta. Ta kawo min abinci a kan lokaci, ta tambaye ni ko ruwan wanka ya yi zafi, ta ce sannu Baba. Da zagina ta yi da na fi samun sauƙi. Na kira mai ɗakina ina neman wanda zai ce ba laifina ba ne. Ta saurara har ƙarshe, ta ce gyaran gangar Auzinawa ke nan, kuma shekara nawa tana gaya min ba kowane abu ne yake jiran hannuna ba. Na ce ita ma ai da tana wurin ba za ta gane ba. Ta ce ita da tana wurin da ta sha shayinta.

Ranar Alhamis na bi su asibiti, ba wanda ya gayyace ni. Na ɗauko kujerar a kafaɗa. Malamar ba likita ba ce mai allura, aikinta koya wa yara irin su Kurciya yadda za su zauna lafiya da jikinsu. Yarinya ce, ba ta kai Auta ba ma. Ɗakinta kuwa, ni a matsayina na kafinta, sai da na riƙe baki. Babu abin zama ko ɗaya da ya tsaya da ƙafa huɗu. Ga wani lilo na yadi kamar buhu yana rataye daga silin, ga ƙatuwar ƙwallo, ga wani ƙunshi cike da 'yan ƙwayoyin roba da yake haɗiye mutum in ya zauna, ga kushin mai iska a ciki, ga bargo mai nauyin yaro. Komai yana motsi ko yana matsewa. Na ce a raina, nan kam an tara duk abin da nake yaƙi da shi.

Na zaci faɗa za ta yi min. Sai ta gaishe ni har da rusunawa, ta ce in rufe ido in gaya mata inda ƙafata ta hagu take. Na ce tana inda na ajiye ta mana. Ta yi dariya, ta ce to wa ya gaya min, tunda ban gani ba? Ta ce jikin mutum kullum yana aika masa labari, ga hannunka nan, ga bayanka nan, kana zaune, ba za ka faɗi ba. Ita Kurciya wannan labarin a raunane yake iso mata, kamar rediyon da batirinsa ya yi sanyi, ƙara da wari da taɓawa kuma su iso mata da ƙarfin tsiya. Sai ta motsa, ko an matse ta, sannan take jin inda jikinta ya tsaya. Wanda bai san inda jikinsa yake ba kuwa, ina zai samu natsuwar tauna da haɗiya?

Sannan ta ce in lissafa mata duk abin da na canza, kada in bar ko ɗaya. Nan kam ta zo gidana. Na lissafa mata tun daga ƙusa har man ƙyalli, tana rubutawa. Ta ce ɗingishin shi ne motsin da take nema. Hannun da ya karkace shi yake matse mata ƙugu. Yadin da ya goge shi fatarta ta yarda da shi. Warin gam da man ƙyalli kuwa, ni na daina jin su tun ran nan, amma ita har yanzu suna cika mata hanci. Abu huɗu na ɗauke mata a safiya ɗaya, na mayar mata da rabin ɗaya.

Na ce mata, don gaskiya ce, kujerar nan da ba ta ƙara wata guda ba, hannun ya kusa fita, da ƙusa a tsaye. Auta tana can gefe da yarinyar a cikin lilo, ba ta ji ba. Malama ta ce ta sani, ta daɗe tana fargabar ranar, kuma da ranar ta zo babu kafinta a gidan, da abin ya fi haka muni. Wannan maganar ta ɗan sauke min wani abu daga ƙirji. Na tambaye ta awon da zan bi, inci nawa, kusurwa nawa.

“Ba ni da shi, Baba. Yana wajenta. Ka tambaye ta.”

Na ce yarinyar da ba ta magana? Ta ce in ajiye kayan aiki yini guda, in zauna a ƙasa, in kalli inda take kai jikinta da kanta. Ta ƙara da cewa in Allah ya sa ta hau kujerar, kada kowa ya zuba mata ido, don kallo ma nauyi ne a wajenta.

Ranar Juma'a na tura jakata ƙarƙashin gado. Ban taɓa aikin da ya wahalar da ni kamar zaman nan ba. Ƙofar kabad ɗin kicin tana lilo da ƙusa ɗaya, famfon banɗaki yana ɗiga, duk ina gani, na zauna a kan hannuwana. Na jingina da bango a falo, daga ni sai fensir a kunne.

Da farko ban ga komai ba sai yarinya mai kai da kawowa. Ta rame, wuyan rigarta ya yi mata yawa. Can wajen hantsi na lura duk sa'ad da ƙarar titi ta yi yawa, sai ta tafi kicin ta cusa kanta tsakanin firji da bango. Wurin ya matse ta ta ko'ina, amma da ta shiga sai kafaɗunta su sauka, sautin maƙogwaronta ya yi laushi. Sau biyar ta shiga kafin la'asar. Da ta fita na je na auna da tafin hannu, na yi alama da fensir. Daga baya na sa tef, inci tara da rabi. Ni kuwa na buɗe hannuwan kujerar har sha biyu, wai don ta sake.

Na kuma lura da zanin gadon da take murzawa. Ba kowanne ba, wani tsoho ne fari da ya sha wanki har ya yi laushi kamar auduga, kuma gefe ɗaya take nema. Sai kuma yadda take jijjiga in tana tsaye. Ba gaba da baya take yi ba, ba kuma gefe da gefe ba. Daga diddigen hagu take tafiya zuwa yatsun dama, a karkace, ta dawo. Na daɗe ina kallon wannan, wani abu yana min susa a ƙwaƙwalwa.

Na rarrafa zuwa lungun da kujerar take zama, na kwanta da ciki ina duba ledar ƙasa. Auta ta fito daga ɗaki ta gan ni a haka, ta tsallake ni ta wuce. Wata takwas na zama ya bar sawu a ledar. Rami biyu masu zurfi a kusurwa da kusurwa, inda ƙafafu biyu suka dafe suna ɗauke da nauyi. Sauran biyun kuma ba rami, sai gogewa, inda suke tashi suna bugawa. Na bi su da yatsa. Masu bugawar su ne ta gaba ta dama da ta baya ta hagu.

Ta dama. Ni kuwa ta hagu na yanke. A kife na yi aikin kujerar ran nan, ƙafafu a sama, hagu ya koma dama a idona, na riƙe shi a haka. Ɗingishin da na mayar mata yana jefa ta ne ta inda jikinta ba ya zuwa. Shekara arba'in da ɗaya, kuskuren da zan ja kunnen ɗan koyo a kansa. Na kwanta a wurin ina dariya ni kaɗai, dariyar da ba ta da daɗi.

Asabar tun da safe na fitar da kujerar baranda na rufe ƙofa. Na kankare man ƙyallin nan tas da samfefa, na wanke katakon da ruwan zafi, na bar shi a rana. Ƙafar da na yanke bisa kuskure na yi mata ƙari da guntun katako, na ɗaure da noti, ban sa gam ko ɗigo ba. Hannun dama na kwance shi na karkato da shi ciki har tef ya nuna tara da rabi, amma wannan karon na kafe shi ta ƙasa da ƙarfe, yadda ko ni na hau ba zai fita ba. Nan na gane karkataccen abu mai ƙarfi ya fi miƙaƙƙe wuyar yi. Na ɓare shuɗin yadin mai furanni, na ninke shi na sa a jakata. Na je na tsaya a ƙofar ɗakin Auta na roƙi rabin tsohon zanin gadon. Ta dube ni jim, ta ɗauko almakashi ta raba shi da kanta, ta miƙo min ɓangaren da ba shi yarinyar take murzawa ba.

Ƙafar dama ban taɓa ta ba. Na bar ta sai Lahadi, don wannan awon ba nawa ba ne.

Lahadi da hantsi na kai kujerar lungunta, na saita ƙafafun a kan ramukan leda. Na zauna a ƙasa da magagari, ƙarfen nan mai kaushi da ke cin katako kaɗan-kaɗan. Zarto yana ci da yawa, abin da ya ci kuma ba ya dawowa. Na goga ƙafar sau goma, na dire, na matsa gefe na kau da kai. Kurciya ta zo wucewa. Ta tsaya, ta shinshina, ba ta ja baya ba. Ta shafa farin yadin da bayan hannu. Ta dafa da yatsa biyu ta tura, kujerar ta ɗan yi ƙyas, ta tafi abinta.

Na ƙara goga goma. Bayan kusan rabin awa ta dawo, ta tura, ta tafi. Haka muka yi ta yi, ni da ita. Ban taɓa samun mai ba da aiki da ya san abin da yake so kamar yarinyar nan ba. A zuwa na huɗu ta tura sau uku a jere tana karkata kai tana saurare. Na ƙara goga biyar kacal. Garin katakon da ya taru a gabana bai cika cokalin shayi ba.

A na shida ta juya ta ba kujerar baya, ta cusa ƙugunta tsakanin hannuwan, ta zauna har ciki.

Na tuna maganar Malama. Na juya a hankali na fuskanci bango, magagarin yana hannuna. Ta gefen ido na ga Auta a bakin kicin, ta dafe ƙofa, ita ma ta mayar da kanta gefe. Sai na ji shi a bayana. Ƙwas. Shiru. Ƙwas. A hankali, ba gaggawa, sautin maƙogwaron yana bin sa a ƙasa-ƙasa.

Na ji tafiyar Auta ba takalmi, na ji ta zauna a leda. Farar shinkafa ce da dafaffen ƙwai, na san ta tun safe take ɗumama ta tana saukewa. Cokali ya taɓa faranti. Daga nan ban ji komai ba sai kujerar, har na fara cewa a raina to, ko zaman ma an gode Allah, gobe ma rana ce. Amma goben Litinin ce, jibi kuma sikeli.

Cokali ya sake taɓa faranti.

Ina fuskantar bango, fentinsa ya ɗan ɓare a daidai hancina, na ƙura masa ido ina ƙirga saukar cokalin. Uku. Huɗu. Tsakanin kowane biyu sai kujerar ta buga sau biyar ko shida. Ƙafata ta yi sanyi ta mutu, bayana ya ɗaure, tari ya taso min na haɗiye shi. Ina tsoron ko numfashi mai ƙarfi in yi. A sha ɗaya aka daɗe, har na ce an gama. Sai na ji sha biyu. Bayan sha bakwai na ji cokalin yana kankarar faranti.

“Baba.”

Muryar Auta ce, ƙasa-ƙasa, irin wadda take kirana da ita tana ƙarama in ta farka ba ta ga uwarta ba. Na amsa ban juya ba.

“Akwai saura a tukunya. Ɗebo min ƙari.”

Ta turo farantin ta gefena. Na ɗauka, na miƙe da ƙyar ina dafa bango, na bi ta gefe ina kallon ƙasa har na shiga kicin. Na buɗe tukunya, tururi ya bugi fuskata. Na tsaya da ludayi a hannu, na kasa ganin shinkafar, sai da na goge ido da hannun riga sau biyu. Na zuba rabin ludayi, na ga kamar ya yi kaɗan, na ƙara.